Yadda Masana Ke Karanta Ganuwar Surame

Duk ɗalibin da ya ziyarci Gidan Tarihi na Kanta a Argungu ya ga masu da takubba da sulke irin na mayaƙan Kabi. Amma babban kayan yaƙin Kabawa ba ya shiga ɗaki. Yana can cikin daji, a yankin Binji da Silame na Jihar Sakkwato ta yanzu, wato ganuwar Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya mayar cibiyar mulkinsa bayan ya ɓalle daga daular Songhai wajen shekarar 1516. Kabawa sun bar birnin wajen farkon ƙarni na 18 suka koma Birnin Kebbi. Bayan da Birnin Kebbi ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, daga bisani sarautar ta zauna a Argungu. Tambayar da ta shafe mu a nan ita ce: idan mutum ya tarar da tarin duwatsu a daji, ta yaya zai tabbatar ganuwa ce, kuma ta yaya zai san zamanin da aka gina ta?

Masanin ilmin kufai yakan fara ne da ƙafa da ido. Manomanmu ma sun riga shi sanin alama ta farko: inda aka ga kukoki sun yi cincirindo a daji, galibi kufai ne, domin mutane ne ke barin kuka ta girma kusa da gidajensu saboda miya da igiya. Alama ta biyu ita ce tsingaro da kashin maƙera a warwatse bisa ƙasa. Ita kuwa ganuwa, abin da ke bambanta ta da tudu na halitta shi ne tsari. Takan yi zobe, tana da giɓi a wuraren da ƙofofi suke, sa'an nan akwai gwalalo a bayanta, wanda daga cikinsa aka haƙi ƙasar ginin. Ganuwar Surame ta sha bamban da ta Kano ko ta Zariya ta wajen kayan gini, domin an yi amfani da duwatsu a cikinta ƙwarai, shi ya sa har yau wasu sassanta ke tsaye, alhali ganuwar ƙasa zalla ruwan sama kan zaizaye ta ta zama tudu.

Abin da ido bai gani daga ƙasa, sau da yawa yakan fito sarai daga sama. Ko da gwalalo ya cike, ƙasar da ta cike shi ta fi ta kewaye laushi da riƙe danshi. Saboda haka da kaka, lokacin da ciyawa ta bushe, tsiron da ke kan tsohon gwalalo yakan daɗe da ɗanyen ganye, sai ya bayyana a hoton jirgin sama ko na tauraron ɗan'adam kamar zare mai duhu ya kewaye fili. A da sai jami'an safiyo ke da irin waɗannan hotuna. Yanzu malamin labarin ƙasa da ke da kwamfuta da intanet zai iya nuna wa ajinsa su.

Sanin shekaru shi ne aiki mai wuya. Dutse ba ya faɗin ranar da aka ɗora shi. Don haka masana sukan yanka rami siriri a gicciye da ganuwa, su dubi yadda ƙasa ta hau kan ƙasa, domin abin da ke ƙasa ya riga na samansa zuwa. Idan aka sami gawayi ko ƙashi a ƙarƙashin harsashin ginin, to ganuwar ba ta girme shi ba. Ana auna shekarun gawayin ta hanyar sinadarin kabon-14, dabarar da Willard Libby ya ƙago a Amurka a ƙarshen shekarun 1940. Kowane abu mai rai yana ɗauke da wannan sinadari, kuma daga ranar da ya mutu sinadarin ke raguwa, rabinsa na ƙarewa cikin kimanin shekara 5,730. Sai dai kada a ɗauka awon zai ce "shekara kaza". Tazara yake bayarwa, kuma ga abin da bai wuce shekara ɗari biyar ba, tazarar tana iya haura ƙarni guda. Ga mai son ya rarrabe ginin Kanta da na jikokinsa, wannan bai wadatar ba.

A nan ne wani ƙaramin abu ke da babban amfani, wato lofe. Taba ba shukar ƙasarmu ba ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, kuma ba ta bazu a Afirka ta Yamma ba sai wajen shekarar 1600. Ke nan duk shimfiɗar ƙasar da aka tsinci fasasshen lofen yumɓu a cikinta ta zo ne bayan zamanin Kanta. Idan lofe ya fito daga ƙarƙashin wani sashen ganuwa, an san wannan sashe ƙari ne ko gyara da wani sarki na baya ya yi.

Bayan haka sai a gwada abin da ƙasa ta nuna da abin da aka rubuta da wanda aka ji daga bakin dattawa. Littafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi, mutumin Tambutu, ya kawo labarin saɓanin Kanta da Askiya Muhammadu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi maganar Kabi a Infaƙul Maisuri. Labarin baka yana cewa Kanta ya tara ƙasashen da ke ƙarƙashinsa aikin ganuwa, waɗanda suka makara kuwa aka sa su kwaɓa ƙasa da man kaɗanya maimakon ruwa. Wasu masu ilmin zamani sukan yi wa irin wannan labari dariya. A ganina gaggawa ce. Maiƙo yakan bar saura a cikin yumɓu, kuma akwai hanyoyin gano shi a ɗakin gwaji, saboda haka magana ce da za a iya jarrabawa.

An sanya Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma a 2007 Nijeriya ta shigar da shi jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su. Amma takarda ba ta hana garma ko mai ɗibar dutsen gini. Duk shaidar da muka ambata ta dogara ne ga samun abu a inda ya faɗi. Lofen da aka ciro aka sa aljihu ya rasa shimfiɗarsa, ba zai ƙara faɗin shekarun komai ba. Ɗalibin da ya ci karo da irin wannan a gona ya bar shi a wurin, ya zana siffarsa, ya auna nisansa da taku daga wata bishiya ko rijiya sananniya, sa'an nan ya sanar da malaminsa ko ma'aikatan gidan tarihi mafi kusa.