Daidaita bayanan albashi

Daidaita bayanan albashi aiki ne na kwatanta jerin ma'aikata da jerin kuɗin da aka biya, domin a tabbatar albashi ya shiga hannun mai shi. A yau ana yin sa ne da kwamfuta, ta hanyar rubuta wa rumbun bayanai tambaya, galibi da harshen SQL, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙira a kamfanin IBM a shekarun 1970.

Yadda ake yi

Ana ajiye bayanan ne a jadawali daban-daban. Ɗaya yana ɗauke da sunan ma'aikaci da lambarsa da matakinsa, ɗaya kuma yana ɗauke da abin da aka tura banki a ƙarshen wata. Umarnin JOIN shi ke haɗa su a kan abin da suka yi tarayya a kai. Idan aka yi amfani da LEFT JOIN, duk kuɗin da aka biya alhali babu ma'aikaci a bayansa zai fito fili. GROUP BY kuwa yana ƙirga sau nawa asusu ɗaya ya karɓi albashi. Kamfanin da ke ba da hayar masu gadi ma haka yake yi, ya kwatanta kwanakin da ya caji abokin hulɗa da kwanakin da ya biya masu gadin.

Duk aikin ya rataya ne a kan abin da aka yi haɗin da shi, kuma suna ba abin dogaro ba ne. Mutum ɗaya sai a rubuta shi Muhammad a ofis, Mohammed a banki, Moh'd a takardar makaranta, Muhammadu a gida. Haruffa masu ƙugiya ma faɗuwa suke yi, Ɗanladi ya koma Danladi. A wurin kwamfuta waɗannan mutane ne daban. Shi ya sa ake neman lambar da ba ta maimaituwa.

A Najeriya

Gwamnatin tarayya ta fara tsarin IPPIS a watan Afrilun 2007 da tallafin Bankin Duniya, don tara bayanan ma'aikatanta wuri guda. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a watan Fabrairun 2014, lamba mai alƙaluma 11 da ke haɗe da zanen yatsun mutum, komai yawan asusunsa. Da aka kwatanta jerin albashi da BVN, Ma'aikatar Kuɗi ƙarƙashin Kemi Adeosun ta sanar a watan Fabrairun 2016 cewa ta cire sunayen bogi 23,846, waɗanda ke cin kusan naira biliyan 2.29 duk wata. Jihar Kaduna ma ta tantance ma'aikatanta a 2015, a farkon mulkin Nasir El-Rufa'i.

Iyakarsa

Tambayar SQL saɓani kawai take nunawa, ba ta san dalilinsa ba. Malamar da sunanta na banki ya bambanta da na ofis tana iya faɗawa jerin 'yan bogi, albashinta ya tsaya har sai ta kai takardu da kanta. Saboda haka bai kamata a cire suna ba sai mutum ya duba.

Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta daɗe tana adawa da IPPIS, tana cewa bai dace da aikin jami'a ba, kamar malamin da ke hutun bincike ko yake koyarwa na wucin gadi a wata jami'ar. Ta fito da nata tsarin mai suna UTAS. A watan Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi daga IPPIS.