Agogon kan kanta: abin da magada ya kamata su sani kafin su sayar

A tsofaffin gidajen ma'aikata da ke Kakuri, Makera da kewayen tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction, akan tarar da wani agogo na katako a kan kabad, ya yi shekaru bai motsa ba. Yankin ya girma ne da layin dogo da ya iso a 1911, da masaƙun da suka fara da Kaduna Textiles a 1957. Aiki ne da ba ya yiwuwa sai da kiyaye lokaci, agogo kuwa ya zama abin alfaharin mai albashi.

Asalinsa Faransa ne, wajen 1750, inda ake ɗora shi a kan kantar murhun ɗumama ɗaki. Maƙeran Faris sukan zuba gidansa da tagulla, su shafe shi da zinariya da aka kwaɓa da zaiba, su gasa a wuta. Kyan ya kai kyau, sai dai hayaƙin zaibar ya halaka da yawa daga cikinsu. A 1816 Eli Terry na Amurka ya yi rajistar samfurin katako mai araha, sannan kamfanoni irin su Smiths na Ingila da Junghans na Jamus suka cika kasuwannin duniya da shi.

Fuskarsa kan bayyana matsayinsa. Rami biyu na mabuɗi na nufin yana tafiya yana kuma buga awa. Rami uku, yana kaɗa sauti duk kwata. Galibi wani ɗaya kan kai shi kwana takwas. Sunan kamfani na kan farantin injin, ta ƙofar baya.

A nan ne ake tafka asara. Ƙurar hunturu kan haɗu da tsohon mai ta daskare haƙoran injin, danshin damina kuma ya ɗaga fallen katakon da aka lulluɓe gidan da shi. Agogon ya tsaya, sai a kai wa mai gyara ya cire injin tagulla ya sa na batir, ko a miƙa wa ɗan gwangwan a farashin kilo. Wanda aka yi wa haka ya zama akwati kawai. Masu tara kayan tarihi injin asali suke saye, tare da mabuɗinsa da ƙarfen lilonsa. Sau da yawa wanki da ɗigon mai kaɗai yake bukata, kuma fenti ko sabon baniš a gidansa rage masa daraja yake yi.