Amfanin Injin Fasa Dutse Mai Muƙamuƙi Ga Ayyukan Karkara

Babu aikin kwalbati, gada ko ginin aji da zai yi ƙarko ba tare da tsakuwa mai kyau ba. A ƙauyuka da dama har yanzu da guduma ake fasa dutse, yawanci kuma mata da yara ne ke shan wannan wahala. Tsakuwar da ake samu ta haka ba ta isa babban aiki, girmanta kuma ba ya zama ɗaya. Saboda haka ne ake jawo hankalin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gama kai ga injin fasa dutse mai muƙamuƙi.

Wani Ba'amurke, Eli Whitney Blake, shi ne ya ƙirƙiro injin a shekarar 1858 domin samar da tsakuwar shimfiɗa hanya. Yana da faranti biyu na ƙarfe masu fuskantar juna, sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Ɗaya a kafe yake, ɗayan kuma yana kai da komowa kamar muƙamuƙin mai tauna. Dutsen da aka zuba ta sama yana farfashewa yana gangarawa har ya fita ta ƙasa. Ana iya rage ko ƙara faɗin wannan mafita, gwargwadon girman tsakuwar da ake bukata.

Babban amfaninsa ga karkara shi ne sauƙin ƙira. Kayan cikinsa kaɗan ne, don haka bakaniken da ya saba da manyan injuna zai iya kula da shi. Farantan suna jure dutse mai tauri, kuma idan gefe ɗaya ya cinye ana juya su a ci gaba da aiki. Akwai ƙananan samfura masu aiki da man dizal, abin da ya dace da inda wutar lantarki ba ta kai ba.

Sai dai injin ba ya son dutse mai laka ko jiƙaƙƙiyar ƙasa, domin yana toshewa. Ƙurar dutse kuma tana lalata huhu sannu a hankali, cutar da ba ta warkewa. Wajibi ne a girke shi nesa da gidaje, a riƙa yayyafa ruwa, ma'aikata su sa takunkumi.

Ana tunatar da hakimai da dagatai cewa amincewarsu kaɗai ba ta wadatar ba. Bisa dokar ma'adinai ta 2007, izinin buɗe wurin fasa dutse na kasuwanci daga Gwamnatin Tarayya yake fitowa.