Keso: Abin da Ke Cikin Dubu Ashirin

Kafin Turawa su ci Haɗeja a 1906, wuri na cikin kuɗin da ake ciniki da su a kasuwannin ƙasar Hausa. Idan wuri ya kai 20,000, sai a ce keso guda ke nan. Yau keso ya zama tarihi, amma lambar tana nan a bakin masu shinkafa da masu kifi. To, wace irin lamba ce ita?

Tambayar farko ita ce ta wasan yara: cika ce ko mara? Dubu ashirin cika ce, domin mutum biyu za su raba ta ba saura. Kai, sau biyar za ka yi ta raba ta biyu kafin ta cije: 10,000, sai 5,000, sai 2,500, sai 1,250, sai 625. Daga nan biyu ta gaza, biyar ta karɓa: 125, 25, 5, 1. Ashe duk girman keso, biyu da biyar ne kaɗai tubalinsa.

Wannan ne ya sa rabonta ke da sauƙi. Lambobi 30 ne ke shiga cikinta daidai, har da 1 da ita kanta. Rubu'inta 5,000 ne, tumuninta 2,500. Amma ba ta da sulusi ko sudusi cikakke, don babu uku a tubalinta. Masunta uku da suka sayar da kamun dare ɗaya a kogin Haɗeja kan naira 20,000, kowa zai ɗauki 6,666, naira biyu ta yi saura. Akwai dabarar gane haka tun kafin a fara rabo: tara alƙaluman lambar. Idan jimlar ba ta rabu uku ba, ita ma lambar ba za ta rabu ba. Malaman rabon gado sun daɗe da sanin wannan matsala, shi ya sa suke gina lissafinsu kan 6 da 12 da 24.

Masana lissafi suna kuma auna lamba da masu raba ta. A 28, idan ka tara 1, 2, 4, 7 da 14, za ka dawo 28 cif, don haka ake kiranta kammalalliya. Masu raba keso kuwa, ban da shi kansa, sun tashi 29,203, sun zarce shi, sai aka sa shi a sahun lambobi masu yalwa. Akwai kuma gagara-rabo, irin su 7 da 13, waɗanda 1 da su kansu kaɗai ke raba su. Wata daga cikinsu da aka gano a Oktoban 2024 tana da alƙaluma fiye da miliyan 41.

Kada ɗalibi ya ɗauka ilimin nan baƙo ne a wajenmu. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan lissafin hatimi tun 1732. Don haka idan babbar lamba ta tare maka hanya, kada tarin sifirinta ya razana ka. Fara da biyu, ka gwada uku, ka gwada biyar, za ka ga tubalinta.