Sassaƙa Ba Ta Cika Sai Da Ado

Kwanan baya wata ɗalibata ta nuna mini kwanon samira da ta sassaƙa a cikin kwamfuta da manhajar Blender, wadda kowa ke samu kyauta tun 2002. Siffa dai ta fito, amma ga shi toka-toka kamar ɗanyen yumɓu. Yarinyar nan har da hawaye, wai za ta bari.

Na ce ta yafa mayafinta mu nufi Kasuwar Sabon Gari. Muka nemi izini, ta ɗauki hoton sabon kwano a rumfa, da kuma tsoho a wurin mai abinci, wanda fentin bakinsa ya ɓare har baƙin ƙarfe ya leƙo. Gani ya kori ji.

To, ga yadda aikin yake. Da farko za ki buɗe fatar siffar ki shimfiɗa, kamar yadda tela ke farke riga ta wajen ɗinki. Sa'an nan ki zana launi da furanni, ki nuna inda ke ƙyalli da inda ya dushe. Kwamfuta ce za ta mayar da zanen a jikin kwanon.

Iyaye mata, kada ku ce wasa ne, da wannan sana'a ake shirya tallace-tallace da finafinan zane. Ke kuma 'yar makaranta, hannun da ya iya zanen lalle ba zai kasa wannan ba. Allah ya taimaka, amin.