A San Ciwon Kaza Kafin A Sayo Magani

Da wuya ka shiga gidan malami ko na akawu a ƙasar nan ka rasa akurki a wani lungu. Kajin kuwa galibi na uwargida ne da yara. Su ne kuɗin sabulu, su ne na littafin makaranta, su ne kuma ke fid da maigida kunya ran da baƙo ya sauka wata ya yi nisa. Sabo da haka in kaza ta shiga akurki lafiya lau, gari ya waye tana ɗingishi, ko ta kasa tashi, ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da muka saba gani shi ne a aiki yaro ya sayo kafso, a ɓare a zuba a ruwa, a ƙara da dakakken barkono. In ba ta tashi ba a sa wuƙa, ko a yi maza da ita kasuwa. To, abin da mu ke so masu karatu su riƙe shi ne, ɗingishi alama ce kawai, ba shi ne ciwon ba. Wani ɗan basilin ya ishe shi, wani kuwa ya kan share kajin unguwa kaf cikin 'yan kwanaki. Rarrabe su kuwa aikin ido ne da haƙuri.

Da fari a ware ta, a kife ta da kwando nesa da sauran, a ba ta ruwa da tsaba. Sa'an nan a juya ta a duba ƙafar. Sau da yawa zare ne ko gashi ya naɗe yatsa, ko ƙaya ta shige. In tafin ƙafar ya kumbura, da baƙin tabo a tsakiya, miki ne ya tara mugunya, sai a wanke da ruwan ɗumi da gishiri, in ya yi tauri a nemi malamin dabbobi. In kuwa ƙwabrin ya yi kaushi, ɓawonsa ya ɗaɗɗaga, waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne suka shige ƙarƙashi, a dinga shafa basilin har su mutu. A kuma haska fitila da dare a tsagar bangon akurki, gama akwai wata kaska da ke ɓuya nan da rana, ta fito da dare ta sha jini, har ta kan shanye ƙafafun kaza.

In ƙafa ba ta nuna kome ba, sai a dubi shekarunta da abincinta. 'Yan tsakin da a ke tsarewa a ba su dusa zalla su kan rasa abin gina jiki, yatsunsu su lanƙwashe, su riƙa tafiya da gwiwa. Ɗanyen ganye da gara da 'yar madara su kan taimaka in an yi da wuri. Kaza mai ƙwai kuma, in ɓawon ƙwanta ya yi laushi ta fara durƙushewa, ƙashinta ne ke zubewa cikin ƙwan, a daka mata ƙonannen ƙashi ko ɓawon ƙwai. Wadda kuwa ta ci tsutsar mushe, za a ga wuyanta ya saki kamar tsumma, ƙafa da fiffike sun mutu. Guba ce, kuma maganinta na gaskiya shi ne a daina yar da mushe a bayan gida.

Akwai kuma ciwon da wani likitan dabbobi na ƙasar Hangari mai suna Marek ya fara bayyanawa a 1907, har a ke kiransa da sunansa. Ya fi kama sagara da ɗan zakara 'yan wata 3 zuwa 6. Jijiyar ƙafa ya ke kumburawa, sai ka ga kaza ta zauna ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, tana cin abinci amma tana ramewa. Ba shi da magani, sai allurar rigakafi da a ke yi wa tsako ran da aka ƙyanƙyashe shi.

Duk wannan in kaza guda ce. Amma in yau ɗaya, gobe uku, kajin maƙwabta kuma na mutuwa, to, magana ta sake. Mafi yawa annobar nan ce da ke zuwa da hunturu, wadda a ke kira Niyukasal, sunan garin Ingila inda aka gan ta a 1926. A Nijeriya an fara tabbatar da ita a wajen Ibadan a ƙarshen 1952. Alamunta ba su ɓuya: kaza ta takure ta saki fukafukai, tana haki, kashinta kore mai ruwa. Wadda ta daɗe ba ta mutu ba wuyanta ya murɗe, ta dinga kewaya wuri guda, ƙafa ta shanye. Kafso ba ya taɓa irin ƙwayar da ke kawo ta, asarar kuɗi ce kawai. Abin da ke tsare kaji shi ne rigakafi, kuma ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, tana yin sa. Akwai irin wanda ke jure zafi, ɗigo guda a ido, a maimaita bayan kowane wata 4. Tun ƙarshen damina ya kamata a yi, kuma lafiyayyu a ke yi wa.

Wadda ta fi wannan haɗari ita ce murar tsuntsaye, da ta ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairu 2006, ta kuma kashe mutum a Ikko a 2007, gama tana kama ɗan Adam. Kaji su kan faɗi farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, ƙwabri ya yi ja kamar an ƙuje. Da ido kaɗai ba a raba ta da Niyukasal, sai an gwada. Wanda ya ga haka kada ya yanka, kada ya fige, kada ya bar yara su taɓa. A haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabulu, a kai labari ofishin dabbobi ran nan.

A nan ne mu ke roƙon jama'a su ji tsoron Allah. Wanda ya kai kaza mai ciwo kasuwa ya tsira da kuɗin guda, amma ya jefa kajin wani gari cikin halaka, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Mai saye shi ma ya kula da arahar hunturu. Duk kazar da aka sayo, ko aka kawo kyauta, a tsare ta dabam mako 2 kafin a haɗa ta da na gida.

Ku ma'abuta alƙalami, ga wani aiki mai sauƙi. Ku rubuta ranar da ciwo ya fara, da watannin kazar, da launin kashinta, da yawan waɗanda suka mutu. Wannan 'yar takarda ta fi wa likitan dabbobi amfani bisa ga dogon labari. Malamai kuma su koya wa 'yan makaranta waɗannan alamu, gama su ne ke buɗe akurki da safe, su za su fara gani. Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.