Daga buhu zuwa leda: yadda garin rogon Gaya zai yi suna a kasuwannin ƙasa

Ƴan uwa manoma da mata masu sana'a, Allah ya albarkaci ƙasar Gaya. A duk faɗin Nijar, nan ne ruwan sama ya fi yawa. Ga kogi, ga fadamun Dallol Mauri da Dallol Foga. Muna noman rogo da dankali da rake da shinkafa. Muna da muruci da gishirin Foga.

Amma ku shiga kanti a Yamai ko Maraɗi, ku dubi abincin da aka jera cikin leda da kwali. Mafi yawansa daga waje ya zo. Namu kuwa yana fita cikin buhu, ba suna, ba alama. In ya yi kyau, ba a san wanda za a yaba wa ba. In an so a ƙara saye, ba a san inda za a nema ba.

Yau za mu yi bayanin yadda ƙungiya za ta sa abincinta cikin leda, ta raɗa masa suna, ta kai shi kasuwannin ƙasa. Za mu ɗauki garin rogo a matsayin misali.

Suna alkawari ne

Mai sayen gari a tiya yana taɓawa, ya shinshina, ya ɗanɗana. Mai sayen gari a leda ba ya iya yin haka. Sunan da ke jikin ledar kawai ya dogara da shi. Saboda haka suna alkawari ne. Ma'anarsa: abin da ka ci jiya, shi za ka samu yau, shi kuma za ka samu gobe. Hausawa sun ce kyan alkawari cikawa.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Ko'ina aka ce albasar Galmi, an san irin albasar da ake nufi. A shekarar 1994 wata mata, Zeinabou Maidah, ta kafa Niger-Lait a Yamai. Da ɗan ƙaramin wurin aiki ta fara. A hankali nononta na leda ya yi suna, har kamfanin ya shiga sahun manyan masu sarrafa madara a ƙasa.

Wa zai saya?

Wannan ita ce tambaya ta farko. A amsa ta tun kafin a sayi leda ko ɗaya.

Garin rogo na Benin da na Najeriya sun daɗe suna shigowa ta Malanbil da Kamba. Ana kawo su da yawa, cikin manyan buhuna. Ƙaramar ƙungiya ba za ta iya karawa da su wajen araha ba. Sai dai ta fi su da wani abu dabam. Ga misali: gari marar tsakuwa, busasshe ƙarau, mai tsabta, wanda za a jiƙa a sha ba tare da an sake tankaɗewa ba.

Su wa ke son irin wannan gari? Matar birni mai zuwa aiki, wadda ba ta da lokacin tsince datti. Ɗalibi mai zama nesa da gida. Direba da matafiyi. Ku zaɓi kashi ɗaya daga cikinsu, ku san abin da yake so da abin da aljihunsa zai iya. Wanda ya ce kowa zai gamsar, ba zai gamsar da kowa ba.

Girman leda ma yana da muhimmanci. A shekarar 1993 madarar Cowbell ta shiga kasuwar Najeriya. A lokacin, madarar gari galibi a gwangwani ake sayar da ita, talaka kuwa ba ya iya saye. Masu Cowbell suka zuba ta cikin ƴan ƙananan ledoji, na shayin safe ɗaya. Da haka ta shiga gidajen da a da ba su shan madara. Ku ma ku yi leda iri biyu: ƙarama ta ɗalibi da matafiyi, da mai kilo 1 ta uwargida.

Lafiya kafin riba

Rogo yana da guba a jikinsa, musamman mai ɗaci. In ba a sarrafa shi da kyau ba, yana sa jiri da amai da ciwon ciki. Yana iya kisa. Aikin da ake yi masa ne ke fitar da gubar. Kada a tsallake ko mataki ɗaya:

1. A sarrafa rogo ranar da aka tone shi, ko washegari. Bayan kwana 2 zuwa 3 yakan fara lalacewa.
2. A ɓare shi sarai, a wanke da ruwa mai tsabta.
3. A gurza shi ya yi laushi.
4. A zuba cikin buhu, a danne da abu mai nauyi har kwana 3 ko 4. Ruwan da ke tsiyaya yana fita da guba. Kada yara ko dabbobi su sha shi.
5. A tankaɗe, a soya a kasko har ya bushe ƙarau.
6. A baza shi a kan tebur ko tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba, ya huce sarai.
7. A sake tankaɗewa, sa'an nan a zuba a leda.

Kada a rufe gari da ɗuminsa. Zai yi gumi cikin leda, ya yi funfuna. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ce danshin garin rogo kada ya wuce kashi 12 cikin 100. Mu da ke Gaya sai mu ƙara kula, domin iskar damina a nan tana da laima.

Masu aiki su wanke hannu da sabulu, su ɗaura kallabi, su yanke farce. Mai tari ko zawo ta huta a gida har ta warke. A nisanta kaji da awaki daga wurin aiki. A sayi sabuwar leda mai kauri wadda aka yi don abinci. Kada a hura ta da baki don a buɗe ta. Ƙaramin injin liƙe leda ya fi kyandir, domin liƙin kyandir yakan bar kafa, iska da ƙwari su shiga.

A ƙungiya, mata 20 za su iya yin gari iri 20. Wata ta bar nata kwana 2, wata kwana 5. Wannan ba zai yi ba. A rubuta ƙa'ida ɗaya, a manna a bango, kowa ta bi. A naɗa mutum biyu masu duba kowane buhu. Wanda bai kai ba, a sayar da shi a tiya, kada a sa masa sunan ƙungiya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Raɗa suna da rubutun leda

Suna ya zama gajere, mai sauƙin faɗi ga Bahaushe da Bazabarme da Bafillace. Kada ya yi kama da sunan wani kaya da ke kasuwa. A haɗa shi da tambari, wato hoto ɗaya da launi ɗaya da ba sa canzawa. Wanda bai iya karatu ba, da tambari zai gane kayanku. Ku tuna dunƙulen Maggi: ko yaro ya san ja da rawayan takardarsa.

Ga abin da ya kamata a rubuta a jikin leda, da Hausa da Faransanci:

Sunan kaya da abin da ke ciki.
Nauyinsa, wanda aka auna a sikeli.
Ranar da aka yi shi da ranar da zai daina amfani.
Sunan ƙungiya da garinta da lambar wayarta.
Yadda za a ajiye shi: wuri busasshe, nesa da rana.

Kada a rubuta ƙarya. Garin rogo ba magani ba ne. Abinci ne mai ba da ƙarfi, amma ba shi da abin gina jiki sosai. Ya fi kyau a ci shi da ƙuliƙuli ko wake ko kifi. Shi kaɗai ba ya isar yaro ƙarami. In kun rubuta wannan shawara a leda, mai saye zai ƙara yarda da ku.

Hukumomin da za a nema

Kafin kaya su shiga manyan kantuna, a kai samfur Yamai a gwada shi. Ɗakin gwaji na LANSPEX yana duba ko abinci yana da ƙwayoyin cuta. Hukumar ANMC ita ce mai kula da ma'auni da ba da shaidar inganci. Ma'aikatan INRAN, masu binciken aikin gona, suna ba da shawara kan irin rogo da dabarun sarrafa abinci. Malamin gona na yankinku zai nuna muku hanya.

Don kada wani ya sace sunan, ana yi masa rajista a hukumar OAPI. Cibiyarta tana Yawunde, a Kamaru, tana kuma da wakilci a Yamai. Rajistarta tana aiki a ƙasashe 17, har da Nijar da Benin. Najeriya ba ta ciki. Wanda ke son sayar da abincin leda a can, sai ya nemi lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993.

Lissafin kuɗi

Kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen rogo ne ke ba da kilo 1 na gari. A rubuta duk abin da aka kashe: rogo, itace, gurzawa, leda, bugun tambari, kuɗin mota, da ladan masu aiki. Mata da yawa sukan manta da ladan kansu. Wannan kuskure ne.

Ga misali don koyon lissafi. A ce an kashe sefa 20,000, aka samu leda 100. Kowace leda ta tsaya a kan sefa 200, wato dala 40. In an ba mai kanti a kan 250, shi kuma ya sayar 300, kowa ya samu 50. Mai kantin da ba ya samun riba ba zai ajiye kayanku a gaba ba.

Fita kasuwa

Kada a fara da Yamai. A fara da gida. A kai leda kaɗan kantuna 5 ko 6 a Gaya, da tashar mota. Bayan mako biyu a koma a tambaya. Nawa aka sayar? Me mutane suka ce? Wa ya dawo ya ƙara saye? Wanda ya dawo karo na biyu shi ne shaidar gaskiya. A gyara abin da aka kushe.

Daga nan sai Doso. Daga Doso hanya ta rabu: yamma zuwa Yamai, gabas zuwa Dogonduci da Konni da Maraɗi da Damagaram. Tsakanin Gaya da Yamai kusan kilomita 300 ne. A nemi amintaccen ɗan kasuwa ɗaya a kowane gari. A rubuta yarjejeniya kan farashi da ranar biya. Bashi ya kashe ƙungiyoyi da yawa.

Talla mafi ƙarfi ita ce ɗanɗano. Ranar kasuwa a kafa tebur, a kwaɗa gari da ƙuliƙuli da albasa, a ba mutane su taɓa. A sa sanarwa a rediyon gari. Tun daga 2020, ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka keɓe watan Oktoba don ƙarfafa cin abin da aka noma a gida. Baje kolin irin wannan lokaci dama ce ta haɗuwa da manyan masu saye.

Abu na ƙarshe: kada kaya su yanke. In mai saye ya zo sau biyu bai samu ba, zai koma ga wani. Kada ku buɗe kasuwar gari biyar alhali ƙarfinku na gari biyu ne. Sannu ba ta hana zuwa.

A shekarar 2023 an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. Kowa ya ga yadda kayan waje suka yi wuya, farashi ya tashi. Wannan darasi ne. Abincin da muka noma, muka sarrafa da hannunmu, ba ya jiran a buɗe iyaka. Rogo muna da shi. Saura tsabta, da ƙa'ida ɗaya, da riƙon amana.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa ake danne gurzajjen rogo har kwana 3 ko 4?
2. Waɗanne abubuwa biyar ake rubutawa a jikin leda?
3. In an kashe sefa 30,000 aka samu leda 100, nawa kowace leda ta tsaya?
4. Ban da garin rogo, wane abinci na garinku ne ya dace da leda da suna?